Sandar Aro: Yaƙin Cacar Baka da Siyasar Birnin Kano

Masu rubuta tarihin Yaƙin Cacar Baka sun saba nuna Afirka kamar dandalin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka yi kokawa, mu kuma 'yan kallo ne da ƙura ta bule. Da'awar wannan maƙala ita ce, tushen rigimar da ta raba unguwannin cikin ganuwar Kano gida biyu tun 1950 ya girmi gabar Washinton da Mosko. Abin da waccan gaba ta ƙara shi ne sandar aro da ta miƙa wa masu mulki, wato kalmar kwaminisanci, suka riƙa dukan ɗan gida da ita.

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Kukanta ba ya buƙatar tafinta: haraji da jangali, aikin tilas, gaisuwar da talaka ke kai wa hakimi ba don yana so ba, da kotun alƙali da ke ƙarƙashin En'e. Malam Aminu Kano, wanda ya zama shugabanta a 1953, ɗan Sudawa ne, daga gidan malamai da alƙalai. Gaskiya ne ya yi karatu a Landan a 1946, ya kuma cuɗanya da 'yan gurguzun Ingila. Amma in ya tsaya gaban teloli da 'yan koli da mahautan Kasuwar Kurmi, da littattafan masu jihadi yake kafa hujja. Kitabul Farƙ, wanda ake danganta wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa da sunayensu cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Wanda ya karanta wannan a zaure bai jira Markis ya faɗa masa ana cutarsa ba.

Hatta masu ra'ayin riƙau sun ga ɓarakar. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Dokokin Arewa yana neman a yi wa En'e gyara. To me ya sa gyaran ya zo da tafiyar hawainiya? A ganina, tsoron da ya kama Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin dalilan. Jami'an mulkin mallaka, irin su Gwamna Sharwood-Smith da aka fi sani da Mai Wandon Ƙarfe, sun ɗauki sarauta a matsayin katangar da za ta tare guguwar masu tsattsauran ra'ayi. A tsakiyar shekarun 1950 gwamnati ta haramta shigo da littattafan kwaminisanci, ta kuma hana 'yan kwaminis wasu ayyukan gwamnati. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi nasara a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa ya tace su kaf kafin a kai majalisa. Daga nan sai ɗauri da bulala, sai ƙungiyar 'Yan Mahaukata da ke tarwatsa laccar NEPU da gora. Hajiya Gambo Sawaba ta ɗanɗani kurkukun Kano saboda ta tara mata ta yi musu magana.

A cikin birni lamarin ya fi ciwo, domin a kunnen mutanen Madabo ko Yakasai, ɗan kwaminis na nufin wanda bai yarda da Allah ba. Mutumin da ke sahun gaba a masallaci sai a wayi gari ana ƙyamar ba shi aure, maƙwabci na ɗauke kai daga gaisuwarsa. Wannan rauni ne da ba ya fitowa a takardun Landan.

Za a iya cewa zargin ba shaci-faɗi ba ne. Jawabin Sawaba na NEPU ya yi magana ƙarara kan gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu sarauta, kuma wannan salo yana da ƙanshin Markisanci. A ƙetaren iyaka, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, da aka haramta a Nijar a 1959, ta tura matasa horo Sin da Aljeriya da Gana, ta kai farmaki a 1964, kuma 'ya'yanta sun sami mafaka wurin 'yan NEPU a Kano. Na yarda da wannan. Sai dai aron kalma daban, karɓar umarni daban, kuma NEPU ta ci gaba da neman mulki ta akwatin zaɓe duk da wuyar da ta sha.

Inda manyan ƙasashen suka taka ƙasar Kano da gaske shi ne bayan ganuwa. Filin jirgin sama na cikin abin da ya sa Birtaniya ta nemi yarjejeniyar tsaro ta 1960, wadda zanga-zangar ɗalibai ta sa aka soke a Janairun 1962. Hukumar NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, kuma ta yi aiki lokacin da John Glenn ya kewaya duniya ranar 20 ga Fabrairu 1962. Sannan a Agustan 1967, lokacin yaƙin basasa, da Amurka ta ƙi sayar wa gwamnatin Gowon makamai, a wannan fili jiragen yaƙi ƙirar MiG na Sobiyet suka sauka. A lokacin Malam Aminu kwamishina ne a gwamnatin tarayya, kuma babu wanda ya kira gwamnatin 'yar kwaminis. Sandar ta ajiyu da zarar buƙata ta juya.

Ɗan Kurawa, Janar Murtala Muhammad, shi ya tsaya a Addis Ababa ranar 11 ga Janairu 1976 ya yi fatali da matsin lambar Shugaba Ford na Amurka kan Angola, ya mara wa ƙungiyar MPLA baya. Amma kukan da aka fara da shi a 1950 sai a 1979 ya sami amsa, lokacin da PRP, jam'iyyar Malam Aminu, ta ci Kano, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali.