Laburaren Dandaji da Batun Tantance Zanen Gini

A garuruwan da ke da gine-ginen tarihi, akan sa kwamiti ya duba zanen sabon gini kafin a haƙa harsashi. Galibi damuwar kwamitin ita ce kada ginin ya zama bare a unguwa: a rage tsayi, a daidaita launi, a ɗora zanko a kusurwa. Irin wannan dubawa a fuskar gini take tsayawa, shi ya sa ake samun ginin siminti sanye da rigar ƙasa. Tambayoyin da suka fi nauyi su ne wa zai shiga ginin, wa kuma zai gyara shi bayan damina.

Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, ya nuna wata hanya. Mutanen garin sun so rushe tsohon masallacinsu na ƙasa domin gina babba. Masallacin kuwa ba na yarwa ba ne: salonsa na su Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986. Masu zanen gini biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo shawarar a bar shi a mayar da shi laburare, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a haraba ɗaya. An kammala aikin a 2018, aka sa masa suna Hikma.

Abin lura shi ne waɗanda zanen ya bi ta hannunsu. Sai da jama'ar gari suka aminta, kuma aka gayyato maginan gargajiya cikin aikin. Su ne suka san inda ruwa ke cin bango da irin yaɓen da ke jure masa, ilimin da ba ya cikin takardar zane. A cikin tsohon ginin an kafa kantocin littattafai da bene na karatu ba tare da an ɓata fasalinsa ba. Sabon masallacin kuma da bulon jar ƙasa da ake matsawa da inji aka yi shi, wanda ke riƙe sanyi irin na tubali amma ba ya buƙatar yaɓe duk shekara. Haɗa laburare da masallaci wuri ɗaya ma dabara ce: mai zuwa salla sau biyar a yini yana kusa da ƙofar littattafai, mata da yara kuma sun sami dalilin shiga harabar.

Wani zai ce amincewar jama'a ba ta maye gurbin doka, kuma yana da gaskiya, domin gari irin Agadas, da UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 2013, ba zai yiwu a bar shi ba ƙa'ida a rubuce ba. Sai dai ƙa'idar ba ta wadatar. Duk kwamitin da zai duba zanen laburare a tsohon gari, ya kamata a ba Sarkin Magina kujera a cikinsa, a kuma ji ta bakin matan da za su yi karatu a wurin.