Ayu, Daga Bakin Kogi Zuwa Cikin Kwalba

A shekarar 1856, a taron masana kimiyya da aka yi a garin Cheltenham na Ingila, an karanta wata 'yar takarda da labarinta ya fito daga ƙasarmu. Mai bayanin Bajamushe ne masanin taurari, Eduard Vogel, wanda gwamnatin Ingila ta turo ya tarar da Heinrich Barth, matafiyin nan da mutanen Kano da Kukawa suka sani da Abdulkarim. Vogel ya ratsa ta Bauci ya gangara Binuwai, kuma a watan Satumba na 1855 ya ga wata dabbar ruwa da bai san irinta ba. Takardar ta kira ta wani nau'in wel, wato ƙatuwar dabbar tekun nan da mu takan faɗo mana a rai in an ambaci kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa, alaihis salam. Lokacin da ake karatun, mai bayanin ya riga ya bar duniya, an kashe shi a Wadai a farkon shekarar. Masanin ƙasusuwan dabbobi Richard Owen ne ya gane ba wel ba ce, ya kuma laƙaba mata sunan Vogel, duk da cewa tun 1795 masana suka yi wa irinta ta kogin Senegal suna.

Dabbar da ta ruɗa su ita ce ayu. Babu Basarke, wato masuncin gado, da za ta ruɗa.

Ayu ba kifi ba ne, ko da yake bai taɓa taka tudu ba. Da huhu yake numfashi, bayan 'yan mintoci sai ya ɗago hanci ya shaƙi iska ya koma. Babba yakan kai mita 3 zuwa 4, nauyinsa ya haura kilo 400, kuma galibin wannan jiki da ciyawa ya gina shi. Masana sun ce a cikin dabbobin tudu giwa da rema ne danginsa na kusa. Nonon macen a hammata yake. Takan ɗauki ciki wajen shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tal, ta yi ta jan sa a gefenta har kusan shekara 2 kafin ta sake ɗaukar wani. A riƙe wannan lissafin haihuwa, domin duk abin da zan faɗa a gaba a kansa ya rataya.

Sanin ayu a ƙasar Hausa sanin Sarkawa ne. Asalinsu Sorko ne, masuntan Kwara waɗanda jiragensu suka yi wa daular Songhai hidima, suka bazu har Kabi da Yawuri, harshensu ya koma Hausa. Kamun kifi kowa na iya koya, amma dorina da kada da ayu sai 'yan gado. Dangin mahaifiyata a Yelwan Yawuri suke, kuma wani kawuna, Allah ya jiƙansa, cikin Sarkawa ya tashi ko da yake shi bai taɓa jifan ayu ba. Daga bakinsa na ji yadda ake farautar. Maharbi yakan kafa ɗan dandamali na itace a ruwa kusa da gaɓa, ya ɗaura ɗanyar ciyawa a ƙarƙashi, ya hau ya zauna dare bayan dare, ba tari, ba taba, ba motsi. Mashinsa na da igiya, igiyar na ɗaure da wani itace marar nauyi da ke yawo a saman ruwa, don in dabbar ta nutse da mashin a san inda ta nufa. Mutum na iya yin wata guda bai jefa ba. In an samu, gari ne ya samu: a raba nama, a soye kitsen a adana man, fatar a yi bulala. Ƙasusuwan haƙarƙarinsa ba su da ɓargo, cunkus suke masu nauyi, su ma masu magani na nemansu.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne cewa kashi mafi yawa na wannan sana'a kallo ne. Kawu ya taɓa tashina kafin kiran asuba, muka je muka tsuguna a wani lungun fadama inda ruwa ya kwanta. Ya nuna mini ciyawar da aka datse kanta, da guntattakin kara da saiwoyi suna yawo, da kashin dabbar yana tasowa. Na ƙosa, na ce, "Kawu, mu matsa gaba mana." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ayu ba a bin sa, zama ake ya zo." Can gari ya fara haske sai ga ƙofofin hanci biyu, kamar kwabo biyu a saman ruwa, aka ji fuu, ruwa ya yi zobe ya rufe. Iyakar abin da na gani ke nan, kuma ya isa in gane cewa mutanen nan karatu suke yi a bakin kogi, karatun da ba a rubuta ba.

Lokaci ɗaya ne ayu ke mance kunyarsa, shi ne lokacin barbara. Mace guda sai maza da yawa su biyo ta, suna ture juna, suna birgima, suna dukan ruwa da faffaɗar wutsiyarsu, har takan gudo wurin da ba zurfi don ta huta, bayanta ya fito fili. An fi ganin haka sa'ad da ruwa ke cikowa ya malale fadamu. A Yawuri kuwa Kwara sau biyu take cika: cikar damina mai jan laka, da ta hunturu mai ruwa garai-garai, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso. Kawu ya ce a zamanin yarintarsa in aka ji wannan hargowa yara da mata kan fito bakin gaɓa su tsaya kallo. A daidai wannan lokaci ne kuma dabbar ta fi sauƙin kisa, kuma macen da aka kashe a ranar ta tafi da duk 'ya'yan da za ta haifa.

Daga baya kogin kansa ya canja. An kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai da yawa na Gungawa, aka tashi mutane sama da 40,000. Ta Jebba ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, ta Lagdo a Kamaru ta tare Binuwai a 1982. Wutar lantarki muna so, ban musa ba. Amma dabbar da ta saba bin cikar ruwa ta shiga fadama, ta fice in ya fara janyewa, yanzu ta tarar da katanga a gabanta, da ruwan da ke hawa da sauka bisa buƙatar injin. In ruwa ya janye farat ɗaya, sai ta maƙale a kududdufi. Ga kuma ragar roba mai arha da ta cika kogunan: ayu ya sarƙe a ciki, ya kasa ɗago hanci, ya mutu, ko da mai ragar kifi kawai ya fito nema. Mashi sai ɗan gado ke jefawa, raga kuwa kowa na iya saya.

An yi waɗanda suka hango haka da wuri. Gwamnan tsohuwar jihar Binuwai-Filato, Joseph Gomwalk, ilimin dabbobi ya karanta, kuma a zamaninsa, a 1972, aka keɓe gandun Pandam, inda akwai tafkin da ayu da dorina ke zama. Wata Baturiya masaniyar dabbobi, Sylvia Sikes, ta yi aiki a jihar a shekarun, ta yi rubutu tana kiran a ceci ayun Binuwai. A 1985 gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 11 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ayu na cikin jerin waɗanda aka hana kamawa da sayarwa, aka kuma ƙara tarar a gyaran 2016. A 2013, a taron yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji a Bangkok, ƙasashen duniya suka haramta cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa.

Ofisoshin tarayya da ke riƙe da waɗannan dokoki suna nan Abuja, inda nake zaune. A nan ɗin ne kuma na fi cin karo da sunan ayu, fiye da yadda na taɓa ji a Yawuri. Babu shi a tafkin Jabi, babu shi a madatsar Usuma, amma yana cikin kwalba. A wata kasuwa cikin birnin nan na tsaya gaban tabarmar wata mai kayan mata, tsakanin gumba da tsimi ga 'yan kwalaben turare an cika su da wani mai fari-fari da ya daskare, an toshe bakin da leda. Ta ɗaga ɗaya ta ce, "Alhaji, man ayu ne, na asali, a kai wa Hajiya." Ban ga laifinta ita kaɗai ba, abinci take nema, kuma tun kakanni ake danganta man ayu da mallakar zuciyar miji. Abin da ya sauya shi ne girman kasuwar. Da, kwalba guda kan zaga dangi a ɓoye. Yau ana tallarsa a Instagram da WhatsApp, a aika da shi Legas da Jidda, kuma matan manya a Maitama da Asokoro ba sa tambayar farashi.

A koma ga lissafin haihuwar nan. Dabbar da ke haifar ɗa ɗaya a shekara 3 ko fiye ba za ta iya cika waɗannan kwalabe ba. Ko dai mafi yawansu kitsen wata dabba ne, an cuci mai saye, ko kuwa na gaske ne, an cuci kogi. Na jabun ma ba ya wanke kansa, domin shi ke raya sunan, shi ke sa in ayu ya faɗa raga a Ibi ko Lokoja masunci ya ga kuɗin da ya fi na kifin wata da watanni, ya kasa sakinsa.

Akwai garin da ya taɓa tsayawa a irin wannan mararraba. Hermanus yana gaɓar tekun Afirka ta Kudu, kimanin kilomita 120 daga Cape Town. Kusa da shi, a Betty's Bay, an yi tashar fiɗar wel don mansa har zuwa 1930, kuma nau'in da ke zuwa gaɓar ya kusa ƙarewa kafin a hana kashe shi a 1935. Yau daga Yuni zuwa Nuwamba dabbobin kan shigo lungun tekun su yi barbara su haihu, mutane na tsaye a kan duwatsun gaɓa suna kallo ba tare da shiga jirgi ba. Tun 1992 garin ke da sankira na musamman mai busa ƙaho in an hango su. Masauki da gidajen abinci da masu jagora duk da wannan kallo suke ci.

Ayu ba zai yi tsalle sama kamar wel ba, ruwanmu ma ba garau yake ba, don haka mai zuwa kallonsa dole ya nemi wanda ya iya karanta ciyawa. Masu wannan ilimi suna nan a Yawuri da gaɓar Binuwai, tsofaffin maharba da 'ya'yansu, kuma ina ganin su ya kamata a fara ɗauka aiki da albashi: su nuna inda dabbar take, a ƙidaya ta, a hana zuba raga a waɗannan lunguna lokacin cikar ruwa, a biya masuncin da ya saki wadda ta sarƙe kuɗin ragarsa. Daga Abuja zuwa Pandam tafiyar yini ba ta kai ba, ta Keffi da Akwanga da Lafiya a kama hanyar Shendam, kuma makarantun birnin nan da ke kai yara kallon dabbobin keji suna da motocin da za su kai su can.