Abin da aikin asibiti ya ci a jikinmu

Lokacin da na shiga aikin jinya a Ikko, cikin shekarun 1980, 'ya'yan Hausawa mata masu sa farar riga ba su taka kara sun karya ba. A Zangon Agege, inda aka yanke mini cibiya, abin da iyaye ke gudu shi ne aikin dare da cuɗanya da maza. Ba wanda ya kawo zancen jini ko tsinin allura, domin mu kanmu ba a koya mana tsoronsu ba. Yadda za a kare majinyaci daga dauɗar hannunmu, wannan kam an koyar da shi da gaske, har metiron takan bi farcenmu ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Yadda za mu kare hannun daga abin da ke jikin majinyaci kuwa, sai dai a ambata a wuce.

Na tarar da ƙarshen zamanin sirinjin kwalba. A yi allura, a kwance shi, a wanke, a tafasa, gobe a sake. Safar hannu ta tiyata ma ba a jefar da ita. Bayan an gama aiki sai a wanke ta, a shanya a kan igiya, sannan a hura mata iska a matse kusa da kunci, a ji ko tana yoyo. Wadda ba ta huje ba a barbaɗa mata hoda a mayar tukunyar turara kaya. A ɗakin tiyata wuƙa hannu da hannu ake miƙa ta. In allurar ɗinki ta soke ki, ki matse yatsa, ki zuba sifirit, ki sauya safa, ki koma bakin aiki tunda cikin mutum a buɗe yake. Babu littafin da ake rubutawa, babu wanda zai tambaye ki bayan wata uku.

Alhali ƙasar nan ta riga ta ga aya. Zazzaɓin Lassa da duniya ta sani, a jikin ma'aikatan jinya aka fara gane shi. A 1969 Laura Wine, nas a asibitin mishan na garin Lassa da ke Borno, ta kwanta, aka kai ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta tana da ɗan yanka a yatsa, ita ma ta bi ta. Ta uku, Penny Pinneo, sai da aka fita da ita Amurka ta sha da ƙyar. Shekara na zagayowa Dakta Jeanette Troup ta yanke hannu tana binciken gawa a Jos, ta rasu a 1970. Duk wannan ya faru kafin mu shiga makaranta, amma bai taɓa igiyar shanya safa ba.

Ƙanjamau ce ta tsinke igiyar. Daga 1986, da aka bayyana ɓullarta a Nijeriya, sannu a hankali sirinjin roba na amfani sau ɗaya ya kori na kwalba. Aka hana mayar wa allura murfinta, wanda a nan ne yawancinmu ke sokuwa. Aka kawo kwalin zuba allurai, aka ce wuƙa a ɗora ta a tasa a miƙa. Daga baya maganin kariya ya zo: wadda allura ta soke ta fara sha cikin awa 72, ta yi kwana 28 tana sha. Na ga abokiyar aiki tana shan sa, tana amai a bayan ɗakin canza kaya, tana kuma ɓoye wa mijinta don kada ya fassara abin da wata manufa. Tsoron nan ya kuma sa wasu cikinmu suka riƙa ja da baya daga gadon mai ƙanjamau, abin da har yau nake ganin tabo ne a tarihin aikinmu.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon hanta nau'in B. In allurar mai ƙanjamau ta soki mutum dubu, kimanin uku ne za su kamu. In ta mai wannan ciwon hanta ce, kuma ƙwayar na kan ganiyarta, cikin mutum goma ana iya samun uku. Yana da rigakafi, allura uku kacal. Sai a 2004 aka sa shi cikin rigakafin jarirai a ƙasar nan, ke nan duk wanda aka haifa kafin lokacin sai ya nema da kansa. A wuraren da na yi aiki ba a taɓa tsayar da ni an ce ina katina ba. Ciwo ne da ba ya hayaniya, sai bayan shekaru ka ji an ce Sista wance ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya.

Ranar 20 ga Yuli, 2014 Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin Ikeja daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, aka kai shi asibitin First Consultants da ke Obalende. Kowa ya san Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana shi fita, ta rasu ranar 19 ga Agusta, kuma ta cancanci duk yabon da ake mata. Ina so a riƙa haɗawa da Justina Ejelonu, nas da ta kama aiki a asibitin a daidai ranakun nan tana da ƙaramin ciki, da Evelyn Uko mai taimaka wa nas-nas. Cikin mutum 20 da Ebola ta kama a Nijeriya, 11 ma'aikatan lafiya ne, biyar daga cikinsu suka rasu. A makonnin nan kowace ƙofar asibiti daga Ogba zuwa Orile-Agege akwai bokiti mai famfo da ruwan Jik, safa da takunkumi sai wanda ka zaɓa. A unguwa kuwa muna fama da masu wankan ruwan gishiri. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an rabu da cutar. Ba a jima ba bokitan suka bushe, aka koma rubuta wa dangin majinyaci su sayo safa a kemis. A Janairun 2020 likitoci biyu suka rasu da Lassa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano bayan tiyatar wata mai ciki. Wata ɗaya bayan haka korona ta shigo ta Ikko, ta tarar da alawus ɗin haɗari na ma'aikatan gwamnatin tarayya yana naira 5,000 a wata. Sai ƙarshen 2021 aka ƙara shi.

Waɗannan su ne masu shiga jarida. Sauran ɓarnar a hankali take ci. Tsayuwar awa shida a tiyata ɗaya har jijiyoyin ƙafa su fito ruɗu-ruɗu. Ɗaga ƙaton mutum daga gadon tiyata zuwa na turawa, mata biyu, kowace ta kama gefen zani. Hayaƙin na'urar ƙona jijiya mai warin ƙonannen nama, da ruwan Cidex na jiƙa kayan aiki mai sa ido hawaye da tari, da iskar sa barci da ke tsiyaya a ɗakin da ba ta da mafita, ka tashi aiki kai na sarawa. Ga dangin majinyaci. Sau da yawa ni ake kira in yi tafinta idan an kawo mutanenmu, ɗan acaba da mota ta buge ko mahauci daga kwatar Oko-Oba. Nakan ce, "Baba, ku yi haƙuri, nas ɗaya ce a kan ɗakin nan duka." Wani ya ji, wani kuwa zafin rai ya sa ya ɗaga wa yarinya hannu, ita kuma gobe ta dawo aiki kamar ba a yi ba.

Nas ɗayar nan ba ƙari nake yi ba. A Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ya ce sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ban ga laifin wadda ta tafi Ingila ko Saudiyya ba. Amma kowace ta tafi, kwananta na dare a kan wata yake faɗawa, kuma hannun da ya kwana biyu bai huta ba shi allura ke samu. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aiki, sai dai wadda ba a rubuta ranar da ta soku ba, da me za ta kafa hujja?

Yanzu 'yan matan Agege da Ogba na shiga makarantun jinya fiye da da, iyayensu kan turo mini su. Abu na farko da nake tambaya shi ne katin rigakafin ciwon hanta: yau ɗaya, bayan wata ɗaya ta biyu, a wata na shida ta uku. Ina kuma roƙon shugabannin asibitoci su sa masu shara da masu wankin kayan tiyata a layin farko na wannan allura. Su ne ke ɗaukar kwalin allurai idan ya cika ya tumbatsa, su ne ke tsoma hannu cikin zannuwan da suka sha jini, kuma da yawansu ɗan kwangila ne ya ɗauke su, sunansu ba ya cikin rajistar ma'aikatan asibitin.