Rumfar jiran bas a Yawunde: abin da unguwar Briqueterie ta gani

Hausawa na kiran duk wani rufi da aka ɗora bisa ginshiƙai domin samun inuwa da sunan rumfa, ko ta kasuwa ce ko ta ƙofar gida. Rumfar jiran bas ta bambanta da sauran ta fuska guda: ba ta da amfani sai in akwai motar da ke tsayawa a gabanta a kan ƙa'ida. Tarihin sufuri a Yawunde, babban birnin Kamaru, ya tabbatar da haka.

A Turai, rumfunan farko na katako ne ko ƙarfe ko tubali, kuma hukumomin gari ne ke ɗaukar nauyinsu. A shekarar 1964 Jean-Claude Decaux ya kawo sabon salo a birnin Lyon na Faransa. Kamfaninsa ya riƙa kafa rumfar kyauta yana kula da ita, ya fanshe kuɗinsa daga allon talla da ke jikinta. Daga nan rumfar gilashi da ƙarfe ta bazu a duniya, aka ƙara mata fitila, daga baya kuma allon da ke nuna lokacin isowar mota. A 1991 birnin Curitiba na Brazil ya ƙera tashoshi masu siffar bututu, inda fasinja ke biyan kuɗi kafin motar ta iso.

Yawunde ta bi wata hanya dabam. A 1973 aka kafa kamfanin SOTUC domin jigilar jama'a a Yawunde da Duwala, da layuka sanannu da wuraren tsayawa ƙayyadaddu. Matsin tattalin arziki ya raunana shi, aka karya darajar kuɗin sefa a 1994, sannan aka rufe kamfanin a 1995. Tasi mai launin rawaya da ɗan acaɓa suka gaje shi, su kuwa duk inda aka ɗaga musu hannu nan ne tasha. Kamfanin Le Bus ya soma aiki a 2006, STECY ya biyo baya a 2017, amma babu wanda ya ɗore a cikinsu.

Wannan sauyi ya fito fili a Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa wadda ta samo sunanta daga masana'antar tubali ta zamanin mulkin mallaka. Unguwa ce mai cunkoso, shagunan atamfa da teloli da masu tsire sun matso har bakin titi. Mai jiran mota yakan fake a barandar shago ko a ƙarƙashin rufin kwanon mai sana'a, musamman da yake damina biyu ake yi a Yawunde kowace shekara. Wato rumfar ɗan kasuwa ce ta karɓi aikin da hukuma ta saki.

Sai dai inuwar aro ba ta da tabbas. Idan mai shago ya rufe, tsohuwa da mai goyo da ɗan makaranta sai su tsaya cikin ruwa a gefen titi, motoci na gilma su. Saboda haka duk mai shirin gina wa Briqueterie rumfuna ya kamata ya fara da tabbatar da motar da za ta zo a kan lokaci. Bayan haka sai rufi mai faɗi da zai tare ruwan da iska ke kaɗowa, da wurin zama, da sararin da ba zai kori mai tsiren da ya daɗe yana ba fasinja mafaka ba.