Tagwayen Sinadarai da Yashin Kuza

A shekarar 1794 masani Johan Gadolin ya binciki wani baƙin dutse daga ƙauyen Ytterby na ƙasar Suwidin, ya tarar da abin da ba a taɓa sani ba. Daga nan aka shiga gano dangin sinadarai 17 da ake kira ƙarafa masu wuyar samu. Sun sha masana kai fiye da shekara ɗari, domin tsananin kamanninsu ya sa raba su ya yi wuya.

A 1913 Frederick Soddy na Ingila ya raɗa sunan aisotof, wato tagwaye: ƙwayoyin zarra na sinadari ɗaya, halinsu ɗaya, amma nauyinsu ya bambanta. A shekarun 1930 Francis Aston ya auna tagwayen waɗannan ƙarafa a Kambirij. Sa'an nan a 1936, a Kofanhagan, George de Hevesy da Hilde Levi suka lura cewa idan aka harbi sinadarin disforosiyam da niyutoron, sai ya koma aisotof mai fitar da tururin nukiliya, kuma daga yadda tururin ke raguwa ake gane mai shi. Autan dangin, furomitiyam, sai a 1945 aka same shi a Oak Ridge ta Amurka, cikin ragowar yuraniyam da aka fasa.

To, ina ruwan ƙasar nan da wannan labari? Tun farkon mulkin Turawa manoma daga ƙasashen Katsina, Kano da Zazzau suke tafiya Jos haƙar kuza. Yashin da ya rage bayan an wanke kuza yana ɗauke da monazait, ma'adinin da ya ƙunshi siriyam da niyodimiyam, da kuma toriyam mai tururin nukiliya. Aka tara shi tsibi-tsibi a bakin garuruwa, leburan da ya wanke shi bai san darajarsa ko haɗarinsa ba.

A 2004 Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta kunna ƙaramar na'urar nukiliya ta farko a Nijeriya. Babban aikinta shi ne dabarar Hevesy da Levi: a ɗebo ƙasar gona daga Musawa, ko yashi daga Bukuru, a harbe su da niyutoron, a karanta abin da ke ciki. Saboda haka wajibi ne ma'aikacin da zai sa hannu a takardar izinin haƙar ma'adini ya fara neman sakamakon awo. Wanda bai san abin da ke cikin buhunsa ba, mai saye ne zai yanka masa farashi.