Tarihin Boksi a Gonakin Gadarif

Ƙaramar motar ɗaukar kaya da ake kira a-kori-kura a Kano, ita ce mutanen Gadarif da ke gabashin Sudan suke kira boksi, kuma Hausawa mazauna garin ma haka suke ce mata. Zuwanta yankin yana da nasaba da noman tarakta, wanda Turawan Ingila suka fara a Gadambaliya, kusa da Gadarif, a tsakiyar shekarun 1940. Bayan kafa hukumar noman inji a 1968, gonakin dawa da riɗi suka bazu nesa da gari, har zuwa iyakar Habasha. Babbar mota samfurin Bedford, wadda ake wa laƙabi da sifinja, ita ke kwaso buhuna lokacin kaka. Amma manomi yana buƙatar ƙaramar mota da za ta kai wa tarakta gangar mai, ta kai wa leburori ruwa da abinci.

A 1968 ɗin ne kamfanin Toyota ya fito da Hilux a Japan, kuma ita ce daga baya ta cike wannan gurbi. An sake mata fasali a 1972, 1978, 1983, 1988 da 1997, mai jan ƙafa huɗu kuwa ta fito a 1979. Masu saye da dillalai kan fara gane tsohuwar mota daga fuskarta: ƙirar 1978 ta zo da fitilu zagayayyu, ta 1983 tana da fitilu masu kusurwa huɗu da jiki mai kaifin gefe, ta 1988 kuma gefunanta sun fi lanƙwasa. Sai dai fuska kan yaudari mai saye, domin a nan ana sauya ƙofa da fitila da bodi daga wata mota zuwa wata. Shi ya sa makaniki kan durƙusa, ya goge laka daga ƙarfen shasi, ya karanta lambar da aka buga a jiki. Haruffan farko suna nuna injin asali: LN na dizal ne, RN na fetur.

Daɗewar waɗannan motoci tana da dalilai. Jikinsu a kan shasi mai ƙarfi yake, sifirin baya kuma faifan ƙarfe ne da maƙeri ke iya ƙara wa ɗaya ko biyu. Tsofaffin injinan dizal irin su 2L da 3L ba su da kwamfuta, don haka ana kwance su a unguwar makanikai, a canza zobba, a mayar. A ƙasashen sanyi gishirin da ake zubawa a titi shi ke cinye ƙarfen mota, Gadarif kuwa ba ta da wannan matsala. Abin da ke wahalar da mota a nan shi ne baƙar laka mai danƙo da damina, da ƙura da lodi fiye da kima da rani.

Idan boksi ta tsufa, aiki take sauyawa. Takan bar gona, a sa mata benci biyu da rumfa a baya, ta koma jigilar fasinja tsakanin ƙauyuka da kasuwa. Ranar da ta tsaya gaba ɗaya, sai a ɓaɓɓalle inji da giya da tayoyi, a sayar wa masu irinta da ke kan hanya har yanzu.