Haɗa kwamfutar wasanni da kuɗi kaɗan: abubuwan da ya kamata a sani

Ba dole ba ne sai mutum ya kashe dukiya mai yawa kafin ya mallaki kwamfutar da za ta iya ɗaukar wasannin bidiyo na zamani. Abin da ke raba mai riba da mai asara a wannan harka shi ne sanin ɓangaren da ya cancanci kaso mafi tsoka na kuɗin, da kuma tabbatar da cewa sassan da aka saya za su iya aiki tare.

Asalin al'amarin

Damar da mutum yake da ita ta haɗa kwamfuta da kansa ta samo asali ne tun daga shekarar 1981, lokacin da kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya fito da kwamfutarsa ta kan tebur, wadda ya ƙera da sassan da ya saya daga wasu kamfanoni. Wannan ya buɗe wa sauran masana'antu ƙofar ƙera irinta. A shekarar 1995 kuma kamfanin Intel ya fito da ma'aunin ATX, wanda ya ƙayyade girman babban allon kwamfuta da wuraren ɗaure shi a cikin akwati, ta yadda kayan kamfanoni dabam-dabam za su dace da juna.

Wasanni irin su Doom na shekarar 1993 da Quake na 1996 su ne suka ƙara wa jama'a ƙishirwar kwamfuta mai ƙarfi. A shekarar 1996 kamfanin 3dfx ya fito da katin Voodoo, wanda ba shi da wani aiki illa zana hotunan wasa, kana a 1999 kamfanin Nvidia ya biyo baya da GeForce 256. A shekarar 2006 kamfanin AMD ya sayi kamfanin ATI na ƙasar Kanada a kan kuɗi kusan dala miliyan dubu biyar da ɗari huɗu, lamarin da ya mayar da shi babban abokin hamayyar Nvidia a kasuwar katin hoto.

Sassan kwamfutar da aikin kowannensu

Sassa bakwai ne ake haɗawa. Na farko shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke lissafin dokokin wasan da motsin 'yan wasa. Na biyu shi ne katin hoto, wanda ke zana abin da ido ke gani a kan sikirin. Na uku shi ne RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da ake ɗora bayanan da ake aiki da su a lokacin. Sai ma'ajiya ta dindindin, inda wasannin ke zaune ko da an kashe wuta. Akwai kuma babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, shi ne ke haɗa dukkan sassan. Ragowar biyun su ne na'urar rarraba wuta da kuma akwatin da ake zuba komai a ciki tare da fankoki.

Ana auna ƙarfin kwamfutar wasa ne da yawan hotunan da take iya zanawa a cikin daƙiƙa guda. Hotuna 30 su ne mafi ƙarancin abin da akasari ake iya wasa da shi, yayin da 60 ke sanya motsi ya tafi sumul ba tare da tsinkewa ba. Girman hoton ma yana da tasiri. Sikirin mai ma'aunin 1080p yana da ɗigon hoto sama da miliyan biyu, a yayin da mai ma'aunin 4K ke da sama da miliyan takwas, wato ninki huɗu ke nan na aikin da katin zai yi. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi da ya tsaya a kan 1080p ya riga ya rage wa kansa wani babban kaso na kuɗin da zai kashe.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi

A mafi yawan wasanni katin hoto ne ke ɗaukar nauyi mafi girma, shi ya sa masu haɗa kwamfuta suka saba ware masa tsakanin kashi ɗaya bisa uku zuwa rabin kuɗin gaba ɗaya. Furosesa mai matsakaicin farashi da aka haɗa da kati mai kyau ya fi ba da sakamako a kan furosesa mai tsada da aka haɗa da kati mai rauni.

To sai dai kafin a sayi komai, wajibi ne mutum ya tantance irin wasannin da yake son yi. Wasannin ƙwallon ƙafa kamar eFootball da EA Sports FC, ko na gasa kamar Dota 2 da Counter-Strike 2, ba sa buƙatar irin ƙarfin da manyan wasanni masu faɗin duniya kamar Cyberpunk 2077 ke buƙata. Kowane wasa yana zuwa da jerin mafi ƙarancin kayan da zai yi aiki a kansu, kuma ana samun wannan jeri kyauta a shafin da ake sayar da wasan, alal misali dandalin Steam na kamfanin Valve.

Tarihin farashi ya nuna inda katin masu matsakaicin ƙarfi ya saba tsayawa. An fito da GTX 1060 a shekarar 2016 a kan dalar Amurka 249, RX 580 a 2017 a kan dala 229, RTX 3060 da RX 6600 a 2021 a kan dala 329 kowannensu, sai RTX 4060 a 2023 a kan dala 299. A watan Disambar 2024 kamfanin Intel ya fito da Arc B580 a kan dala 249. Waɗannan farashi ne na ranar fitowa a Amurka, kuma kuɗin fito da canjin kuɗi kan ƙara musu tsada a wasu ƙasashe.

Baya ga ƙarfin katin, ana duba yawan ma'ajiyar da ke jikinsa. Gigabait 8 na wadatar da yawancin wasanni a ma'aunin 1080p, amma wasu sababbin wasanni kan cinye ta idan aka ɗaga kyawun hoton zuwa ƙarshe, daga nan sai motsi ya fara sarƙewa.

Sauyawa ko sabon gini

Wanda yake da tsohuwar kwamfuta ba lallai ne ya watsar da ita ba. Abin da ya fi dacewa shi ne ya gano ɓangaren da ke jan sauran baya. Manhajar Task Manager da ke cikin Windows tana nuna yawan aikin da kowane ɓangare ke yi a lokacin da wasa ke gudana. Idan katin hoto yana aiki kusan ɗari bisa ɗari, to shi ne ya kai iyakarsa. Idan kuwa katin yana hutawa alhali wasan na tafiyar hawainiya, to sai a duba furosesa ko RAM.

Sauyi biyu ne suka fi araha. Na farko shi ne ƙara RAM daga gigabait 8 zuwa 16, kuma an fi son sanduna biyu masu gigabait 8 kowanne a kan sanda ɗaya mai 16, domin sanduna biyu na buɗe hanyoyi biyu na wucewar bayanai. Na biyu shi ne maye gurbin tsohon faifan ajiya mai juyawa da SSD. Faifai mai juyawa kan karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD na yau da kullum kuwa kimanin 550, yayin da nau'in NVMe ke iya haura 3,000. Sai dai a sani cewa SSD yana rage lokacin jiran buɗewar wasa ne, ba ya ƙara yawan hotunan da ake zanawa.

Misalin soket ɗin AM4

Kowane furosesa yana da irin mazaunin da yake shiga a kan babban allo, wanda ake kira soket, kuma idan ba su dace ba to babu wata dabara. Wannan ne ya sa tsawon rayuwar soket yake da muhimmanci ga mai tattalin kuɗi, kuma babu misalin da ya kai na AM4.

Kamfanin AMD ya fito da wannan soket a shekarar 2016, kana a watan Maris na 2017 ya ɗora masa furosesa na farko na jerin Ryzen. A watan Mayun 2020 kamfanin ya ba da sanarwar cewa sababbin furosesoshinsa ba za su yi aiki a kan tsofaffin alluna ba, amma bayan ƙorafin da masu saye suka yi sai ya janye, ya amince da allunan B450 da X470. A shekarar 2022 kuma ya faɗaɗa damar zuwa allunan farko irin su B350. Sakamakon haka, mutumin da ya sayi Ryzen 5 1600 a shekarar 2017 ya samu damar cire shi ya sanya Ryzen 5 5600, wanda ya fito a watan Afrilun 2022 a kan dala 199, ba tare da ya sauya allo ko RAM ba. Abin da kawai ake buƙata shi ne a sabunta manhajar BIOS ta allon kafin a cire tsohon furosesan.

Soket ɗin AM5 da ya gaje shi a watan Satumbar 2022 yana aiki ne da RAM nau'in DDR5 kaɗai, don haka mai ƙaura zuwa can sai ya sayi abu uku a lokaci guda. A ɓangaren Intel kuwa, soket ɗin LGA1700 na shekarar 2021 ya ɗauki zubi na 12 da na 13 da na 14, kuma allunansa iri biyu ne, masu DDR4 da masu DDR5. Sandar ɗayan ba ta shiga ramin ɗayan.

Akwai kuma furosesoshi masu ɗauke da sashen zana hoto a jikinsu, kamar Ryzen 5 5600G na shekarar 2021, waɗanda ke ba mutum damar fara yin ƙananan wasanni kafin ya tara kuɗin kati. Amma Ryzen 5 5600 da furosesoshin Intel masu harafin F a ƙarshen sunansu ba sa nuna hoto sam sai da kati.

Kayan hannu

Kasuwar kayan da aka yi amfani da su ita ce babbar mafakar masu ƙaramin ƙarfi. Tsakanin shekarar 2020 zuwa 2022 katin hoto ya yi ƙaranci a duniya, sakamakon annobar korona da kuma masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum da suka riƙa saye da yawa. Da Ethereum ya sauya tsarinsa a ranar 15 ga watan Satumbar 2022, haƙar da kati ta zo ƙarshe, katunan da aka yi aikin da su kuma suka kwararo kasuwa da rahusa. Da yawansu sun shafe watanni suna aiki dare da rana, saboda haka kada a biya kuɗi sai an ga katin yana gudanar da wasa na akalla rabin sa'a, an duba zafinsa, an kuma saurari ƙarar fankokinsa.

Tsufan kati ma abin lura ne. Wasan Indiana Jones and the Great Circle na Disambar 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025 suna buƙatar wata fasahar lissafin haske da babu ita a cikin GTX 1060 ko RX 580, don haka waɗannan katuna ba su cika sharaɗin wasannin biyu ba.

Wata hanyar da ta shahara ita ce sayen tsohuwar kwamfutar ofis, kamar Dell OptiPlex ko HP EliteDesk, a ƙara mata kati. A nan akwai tarko guda uku. Na'urar wutarsu ƙarama ce, kuma sau da yawa ba ta bin ma'aunin da aka saba, don haka sai kati irin GTX 1650 da ke wadatuwa da wat 75 da ramin allo ke bayarwa. Siraran akwatuna kuma ba sa ɗaukar kati sai gajere. Na uku, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10 a ranar 14 ga watan Oktobar 2025, alhali Windows 11 ba ta amince a hukumance da akasarin furosesoshin Intel da suka girmi zubi na 8 ba, haka ma Ryzen na zubin farko.

Inda ba a yin rowa

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma babu inda maganar ta fi tabbata kamar a na'urar rarraba wuta. Idan mara inganci ta ƙone, tana iya tafiya da allo da kati a lokaci guda. Tambarin 80 Plus, wanda aka fara amfani da shi a shekarar 2004, yana nuna cewa na'urar na isar da akalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta ja, ko da yake wannan ma'auni ne na tsimin wuta, ba shaidar ingancin dukkan kayan cikinta ba. Na'ura mai wat 550 zuwa 650 daga sanannen kamfani ta isa ga kwamfuta mai matsakaicin kati.

A wuraren da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa ko hawa da sauka, kamar yadda aka saba gani a Najeriya da Nijar, ya kamata a sanya kuɗin UPS ko sitabilaiza a cikin lissafi tun daga farko. Ƙurar hunturu da zafin bazara kuma suna toshe fankoki su ɗaga zafin furosesa, wanda kan rage gudunsa da kansa domin kada ya lalace. Akwati mai ramukan shan iska a gaba da sharewa a kai a kai sun fi fitilu masu launi amfani.

Farashin sassa ba ya tsayawa wuri guda. A ƙarshen shekarar 2025 kuɗin RAM ya yi tashin gwauron zabi, bayan da manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka riƙa kwashe abin da kamfanonin Samsung da SK Hynix da Micron ke sarrafawa. A irin wannan yanayi, wanda ke da tsohon allo mai ɗauke da RAM ɗinsa ya fi samun sauƙi idan ya sauya kati ko furosesa kaɗai, ya jinkirta sabon gini har kasuwa ta lafa.